Reluwen Ɗakin Baƙi

Magidanci a Kano in ya haura arba'in kuma Allah Ya rufa masa asiri, akwai sanannun hanyoyin da jama'a suka yarje masa ya bi ya salwantar da kuɗinsa. Wani ya kama kiwon tattabaru. Wani ya faɗa siyasar mazaɓa, ya riƙa sayen lemo yana shayar da mutanen da ba za su zaɓe shi ba. Wani kuma ya tsiri fesa turare bayan la'asar yana cewa zai leƙa wani aboki a Hotoro. Duk waɗannan cututtuka an san su, an kuma san maganinsu. Ni nawa ciwon da ya tashi, ba a taɓa ganin irinsa a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba, shi ya sa har yanzu dangi ba su tsayar da magana ba, asibiti za a kai ni ko wajen masu ruƙiyya. Jirgin ƙasa na shimfiɗa a ɗakin baƙi.

Waya ce ta ja min. Ina kishingiɗe bayan isha'i ina latse-latse, sai ga bidiyon wani gida a birnin Hambug na Jamus, Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001 cikin wani tsohon sito na bakin ruwa. Dogon da suka shimfiɗa a ciki ya haura kilomita 15. Jirage 'yan mitsi-mitsi suna ta kai da komo tsakanin garuruwa da duwatsu, har dare ake yi musu duk bayan minti 15, fitilun gari su kama. Manya masu furfura ne ke biyan kuɗi su bi layi don su kalla. Ban ajiye wayar ba sai da data ta ƙare, na kwana ina juyi, kishin Kano na cina.

Mu fa ba baƙin jirgi ba ne. Tun watan Maris na 1911 dogo ya iso mana, zamanin Sarki Abbas, bayan Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan reluwe ne, ya taso da aikin daga Baro a bakin Kwara a 1907, aka yi ta aikin diga da gumin talakawa. Auduga Turawa suka hango, don masaƙunsu na Ingila. Manoman Kano da fatakenta suka duba farashi, suka yi lissafinsu, suka tura musu gyaɗa. Gyaɗar ta fi ƙarfin taragun da ke akwai, aka riƙa jibge buhuna ana jiran jirgi, har abin ya zama dalar gyaɗa da ake haɗa sunanta da Alhassan Ɗantata, dala guda ta ci buhu har 15,000. Wato abin da muke bugawa a kalanda muna tinƙaho da shi, asalinsa kaya ne da jirgi ya yi wa latti. Ni dai wannan Kanon nake so in gina: tasha, dalar gyaɗa, ganuwa, da Dutsen Dala yana leƙensu.

Masu wannan harka suna da ma'auni, wanda ya fi yaɗuwa shi ake kira HO, komai a rage shi sau 87. Ƙaton da ya cika ƙofa sai ya dawo santimita 2. Na ɗauki biro na buga lissafi, na ga in zan yi layin Legas zuwa Kano cikakke, mai kilomita 1,126, sai na shimfiɗa kusan kilomita 13, wato in fasa bangon ɗakin baƙi, in ratsa ta gidan maƙwabci, in miƙe titin Zariya har in bar Na'ibawa a baya. Sai na sassauta buri. Filawud guda mai ƙafa 8 da ƙafa 4, in ka ninka shi sau 87, fili ne na mita 212 da mita 106. A nan zan cusa rabin birnin Kano. Masu yanka filaye a bayan gari sun yi abin da ya fi haka, ba wanda ya kama su.

Jirgin kansa a wajen wani mai kayan gwanjo na same shi a Sabon Gari, cikin tsibin 'yan tsana marasa hannu da motocin da suka rasa taya. Kwalin ya sha jiki, amma kan jirgi na nan, da taragu, da guntayen dogo, da ɗan gidan tasha, da wasu 'yan Turawa na roba masu malafa. Yana ɗaure min kayan ya ce, "Alhaji, yaron shekararsa nawa?" Na ce ya haura arba'in. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya ce Allah Ya raya shi.

Ɗakin baƙi kuwa, duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san baƙo ne kaɗai ba ya kwana a ciki. Akwai buhunan masara, da keken ɗinkin da ya mutu tun ina gwauro, da firizar Maman yara wadda take sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara da ita. Aka yi yarjejeniya: masara da keke su fita, firiza ta zauna a kusurwarta, kowa ya kiyaye iyakarsa.

Na sayo katako a 'Yan Katako, na kira kafinta ya haɗa min teburin a ƙofar gida saboda tsakar gida ba wuri. Nan aka samu matsala. Magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya, ya kwashe kaya daga ɗakin baƙi, ya sa an yi fenti, ga kuma kafinta a ƙofar gida yana buga wani faffaɗan abu mai ƙafafu. Kafin magariba labari ya kai Tarauni ya dawo. A masallaci aka riƙa ba ni hannu ana matsewa, wani dattijo ya ce Allah Ya ba ni ikon yin adalci. Washegari da sassafe sai ga gwaggon Maman yara ta sauka daga adaidaita sahu da ƙullin kayanta, ta zo rarrashin 'yarta. Aka kai ta ɗakin don ta gani da idonta. Ta daɗe tana kallon teburin, da kwalin, da 'yan Turawan roba da na jera a taga. Ba ta dube ni ba, saboda kunyar suruki. Ta juya wajen Maman yara ta ce, "'Yar nan, da kishiyar ce ma, da mun san yadda za mu yi da ita."

Zancen wuta ba zan ja shi ba, don har yau yana min ciwo. Kayan daga Amurka suke, inda wutar gida bolt 110 ce, tamu kuwa 230. Wai an rubuta haka a bayan 'yar taransifomar, da rubutun da sai mai duban agogo zai iya karantawa. Na sayo mahaɗin soket, na jona, aka ji "fat", wani siririn hayaƙi ya tashi, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba. Na kai ta kasuwar waya ta Farm Centre wajen wani yaro mai gyara, ya shinshina ta kawai ya ce, "Baba, wannan sai dai addu'a." Shi ya fahimtar da ni yadda abin yake: jirgin bolt 12 kawai yake sha, irin wutar batir, ta shigo ta dogo ɗaya, ta bi ta tayoyi ta shiga inji, ta fita ta ɗaya dogon. In ka juya wayoyin, jirgi ya koma da baya. Da na ji bolt 12, sai na tuna da babur ɗin ƙanena.

Abin da yaron bai faɗa min ba shi ne batirin babur bai san "sannu a hankali" ba. Ina ɗora waya, jirgin ya zabura kamar mai adaidaita sahu ya hango 'yan KAROTA, ya sha kwanar farko da ƙyar, a ta biyu ya ce ba da shi ba, ya bar teburin gaba ɗaya. Tarago ɗaya ya faɗa bokitin zoɓon da aka ajiye ya huce. Har yau ja ne, na mayar da shi taragon manya. Daga baya yaron ya haɗa min wani ɗan akwati mai maɓallin murɗawa, jirgi ya koyi ladabi.

Ana cikin haka Kawu ya ji labari.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a Tarauni yake zaune. Ya shiga reluwe yana saurayi, lokacin da jiragen kwal ke miƙa wa na dizal ragama, ya yi aiki a Zariya, ya yi a Kaura Namoda, ya yi a Nguru. Mutum ne da in ka ce masa za ka zo "wajen la'asar" zai tambaye ka la'asar da minti nawa. Tunda ya yi ritaya ba shi da abin dubawa sai mitar wuta da tarbiyyar jikoki. Ya shigo ɗakin ba sallama mai tsawo, ya zagaya teburin hannu a baya, ya tsaya.

"Kai, nan ina ne?"

"Kano ce, Kawu. Kano ta wajen 1955."

Ya ce a ba shi rula. Autana ya ruga ya ɗauko ta makaranta. Kawu ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya auna tsakanin dogo da dogo.

"Milimita 16 da rabi. Sau nawa ka ce kun rage?"

"Sau 87."

Ya juya bayan kwali ya yi lissafi da biro, yana motsa leɓe. "1,435. Wannan faffaɗan layi ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Namu ƙafa 3 ne da inci 6, tun daga Legas har Nguru, milimita 1,067. In Kano kake nufi, naka bai kamata ya wuce milimita 12 ba."

"Kawu, huɗu da rabi ne fa kawai bambancin."

"A kan abin da bai kai haka ba na ga an kori mutum mai mata biyu."

Na ce masa ai a Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin faffaɗan layi daga Kaduna zuwa Kano, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi da aka fara a farkon shekarar. Ni kawai na riga 'yan kwangila isowa ne, ban kuma ci bashin kowa ba. Bai yi dariya ba. Ya nuna ɗan gidan tashar, wanda masu shi suka yi wa farar dusar ƙanƙara a rufi, irin ta lokacin sanyinsu.

"Wannan farin fa?"

"Auduga ce, Kawu. Wadda Turawa suka yi ta jira."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya wuce. Da ya iso Dutsen Dala, wanda na yi da tsofaffin jaridu da kokon rogo na shafe da jar ƙasa, na kuma huda shi don jirgi ya riƙa shiga ta nan yana fita ta can, sai ya dafe ƙirji.

"Ka huda Dala?"

"A Jamus duk haka suke yi."

"Daga nan har Zariya, a ina ka taɓa ganin jirgi ya shiga rami? Ko Barbushe da ya zauna a kanta bai huda ta ba."

Na ɗauka ya tafi ke nan. Washegari ya dawo da kujerarsa.

Hunturu ya shigo, ya zo da tasa fitinar. Dogon nan shi ne wayar wutar jirgin, ƙura kaɗan ta kwanta a kai sai inji ya fara shaƙuwa, ya yi taku ɗaya ya tsaya, fitilarsa na ƙyafta ido. Ka goge da safe da tsumma da sifirit, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Babbar 'yata ta tausaya min, ta shafe dogon tas da man gyaɗa don ya yi santsi. Ya kuwa yi. Tayoyi na ta juyawa, jirgi na nan inda yake. Kawu ya samu abin nema, ya tara yara ya yi musu darasi: jirgin gaske yana da akwatin yashi, in dogo ya yi santsi direba ya saki yashi a gaban taya don ta kama. Autana ya saurara da kyau, yaron akwai ƙwaƙwalwa. Da na dawo daga kasuwa na tarar ya juye rabin kwanon yashi a kan layi, wani ya shige cikin inji yana ƙaras-ƙaras. Na tambayi Kawu ko zai ɗauki alhakin wannan, ya ce shi darasi ya bayar, bai ba da umarni ba.

Amma dalar gyaɗa, ita kam ko maƙiyina ya gani sai ya yaba. Dabarar tawa ce, ban gani a bidiyon kowa ba. Buhun gyaɗa in ka rage shi sau 87, tsawonsa santimita guda ne da ɗan ɗori, wato daidai ƙwayar gyaɗa. Na auno ɓararriya a kasuwar Tarauni, na zaɓi masu kai ɗaya, na jiƙa ƙaro, muka zauna da yara muna jerawa sahu-sahu, kowane sahu ya ɗan shige ciki daga na ƙasansa. Yaran da tsarin kamasho suka yi aikin, ɗaya a dala, biyu a baki. Da aka gama, hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kan jajayen ƙwayoyin, kowacce da 'yar inuwarta, ga 'yan Turawan roba da tela ya ɗinka wa manyan riguna da ƙyallayen shadda suna tsaye a gindi, malafarsu na nan yadda take. Kawu ya zagaya ya zagaya, ya rasa abin kushewa, ya ce gefen gabas ya ɗan karkace.

Ba a jima ba dala ta fara ramewa ta baya. Ta gaba lafiya lau, ta bayan kuwa kullum da safe sai ka ga an yi mata rami. A kan dandamalin tasha kuma ga wasu baƙaƙen abubuwa, waɗanda a ma'aunin HO kowanne ya kai ɗan akuya. Ɓeraye ne. Ka kuma tuna ɓera mai santimita 8, a wannan ƙasar tawa, dabba ce mai tsawon mita 7, ta fi giwa. Kawu ya ce kada in damu, dalar gaske ma ƙwari sun addabe ta, shi ya sa ake lulluɓe ta da tamfol ana mata feshi. Ya ƙara da cewa ba ƙwari ne suka ga bayanta ba, farin 1973 ne, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka sa kowa ya manta hanyar gona. Na ce duk na ji, amma tawa dalar ɓera ne ke ganin bayanta. Maman yara ta hana sa guba a ɗakin da firizarta take, tana da gaskiya. Sai aka aro kyanwar maƙwabta.

Kafin in zo kan kyanwa, akwai maganar kunun aya, wadda aka ce in na sake na ba da labarin jirgi ban faɗe ta ba, za a faɗe ta a madadina.

Jirgi mai zagaye ɗaya yana gundura. Na so ya riƙa zuwa ƙarshen layi, ya yi kwana irin ta shataletale, ya dawo ta kan dogon da ya bi. Kawu ya ce reluwe ba ta haka, ko dai a ɗora kan jirgi a faifan juyawa, ko a yi masa layi mai kusurwa uku. Na ce wannan zamani ne. Lokacin ƙanena ya zo ya ƙwace batirinsa, don ya gaji da tura babur, ni kuma na ja 'yar waya daga batirin solar gida, wanda shi ke riƙe da firiza in an ɗauke wuta. To ashe in ka lanƙwasa layi ya dawo ya haɗe da kansa, dogon dama ne ke cin karo da na hagu, mai kawo wuta ya rungumi mai mayar da ita. Masu harkar sun san wannan tun tuni: ko a yanka dogon a raba shi a sa makunni, ko a bi hanyar kamfanin Märklin na Jamus da ke ba da wuta ta tsakiyar layi. Ni babu wanda ya aiko min da wannan labari Gyaɗi-Gyaɗi. Na haɗa guntun ƙarshe da daddare, na ga ɗan tartsatsi, na ce gobe na duba, na je na kwanta.

Bazara ce, kuma masu wuta sun yi tafiyarsu. Fis ya ƙone, inbata ta mutu, firiza ta yi shiru, cike da jarkokin kunun aya na bikin wasu mutane a unguwar Hausawa. Duk wanda ya san kunun aya ya san ba ya haƙuri da zafi. Da asuba muka ji "bum" daga ɗakin baƙi, sai wani "bum". Maman yara ta buɗe firiza, ta rufe, ta zo ta tsaya a kaina ina kan sallaya.

"Abban yara, in ka idar ina son magana da shugaban reluwe."

Na ja addu'a iya ja, har na yi wa mutanen da ban sani ba. Ba ta gusa ba. Aka kai magana gaban Hajiya mahaifiyata, aka yanke min biyan aya, da dabino, da kwakwa, da sukari, da jarkoki, da wani abu da aka kira kuɗin kunya. Abin da na biya ya isa in je Legas a jirgin gaske in dawo, wanda da aka farfaɗo da shi a Disambar 2012 yakan yi sama da awa 30 a hanya, in kuma ci abinci a kowace tasha.

Duk da haka aka sa ranar buɗewa, wata Asabar, ƙarfe 4 na yamma. Maƙwabtan da suka taɓa min addu'ar adalci suka zo ganin amaryar. Yaran layi suka cika taga, almajirai suka hau kan katanga. Kawu ya iso cikin tsohon kakinsa da ya sha guga, da usur a wuya, da tutoci biyu, kore da ja, waɗanda na tabbata ba ranar ya ɗinka su ba. Ƙarfe 4 ta yi, jirgi ya ƙi motsi, ƙura. Aka goge. Aka gano ƙaramar 'yata ta baje kasuwar 'yan tsana a kan layi daidai ƙofar tasha, da tumatir na ƙullin leda da komai, ta kuma ce ba za ta tashi ba sai an ba ta wani wuri. Ana cikin sulhu aka kira magariba. Sai bayan an dawo daga masallaci Kawu ya ɗaga kore, ya busa usur ɗin da ya sa jaririn maƙwabta fashewa da kuka.

Na murɗa maɓalli. Jirgi ya ɗaga a hankali, taragon manya na bin sa ja wur, ya wuce tasha, ya bi gindin ganuwa, yara na ihu. Wallahi a wannan ɗan lokacin ban ga abin da Hambug ta fi mu da shi ba. Ya nufi Dala, ya shige ramin.

Bai fito ba.

Sai Dala ta motsa. Ta ɗan ɗaga, ta yi wata ƙara da ba a san duwatsu da ita ba, ta miƙe a kan ƙafa huɗu. Kyanwar maƙwabta, wadda tun zuwanta ba ta kama ko ɓera ɗaya ba, ashe ramin ta mayar ɗakin kwana, kuma jirgi ya same ta a hanci. Ta yi tsalle da dutsen a gadon bayanta, ta bi ta kan ganuwa ta rushe Ƙofar Nasarawa, ta dira ƙasa, ta fice ta tsakanin ƙafafun liman. Dala ta maƙale a bakin ƙofa, kyanwa ta wuce.

Jirgin kuwa, da aka ɗauke masa dutse daga kai, sai ya ci gaba da tafiyarsa, har jama'a suka fara tafi. Ya sha kwana ya nufi bayan dalar gyaɗa, inda ba a gani sosai daga ƙofa. A nan ne babu dogo. Guntu guda cur ya ɓace. Daga baya bincike ya nuna autana ne ya ɓalle shi da rana ya kai wa ɗan gwangwan, aka ba shi balan-balan. Kan jirgi ya sauka daga layi, ya yi noma cikin jar ƙasa, ya daki dalar da ɓeraye suka riga suka cinye cikinta. Ta zube. Gyaɗa ta watsu ko'ina, yaran taga suka diro ciki, kafin ka ce kwabo an wawashe ta har da ƙaron.

Na juya in ga yadda zan haɗa ido da Kawu, sai na tarar ya zauna a kujerarsa yana share hawaye da jar tuta, kafaɗunsa na rawa. Tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

"An tashi a makare," ya ce, yana lanƙwasa yatsu. "Kasuwa a kan layi. Dabba a hanya. An sace dogo. Kaya sun zube, jama'a sun kwashe. Ɗana, faɗin layinka dai ba daidai ba ne, amma yau na yarda ka gina reluwe."

Da safe ya dawo da kwaɗo da babban littafi mai bangon kwali. Ya kafa kwamitin bincike, shi ne shugaba, Maman yara ce sakatariya, gwaggonta ta ba da shaida ta waya. Aka wanke kyanwa, aka yi wa auta afuwa saboda ƙuruciya, aka ɗora komai a kan direba. Na ƙi amincewa da rahoton, na ɗaukaka ƙara wajen Hajiya, ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da kawunsa.

Yanzu makullin ɗakin baƙi yana aljihun Kawu, ɗaya kuma yana wajen mai firiza. An toshe ramin Dala. An sake dalar gyaɗa da tsakuwa. Jirgi na tashi Asabar da Lahadi, ƙarfe 4 da minti 30 daidai, an rubuta a allo an kafe a ƙofa, autana ne direba, don Kawu ya ce yana da ƙwaƙwalwa. Ni an mayar da ni sashen kula da layi: ina shiga kafin lokaci da tsumma da sifirit, in goge dogo, in sa hannu a littafi, in koma bakin ƙofa cikin 'yan kallo. Rannan na tari Kawu yana kulle ɗaki, na rage murya don kada yara su ji, na ce, "Kawu, jirgin nan fa da kuɗina na saya. Yaushe za a bar ni in ɗan ja shi?"

Ya jefa makullin a aljihu, ya gyara hula. "Ka rubuto a rubuce, ta hannun sakatariya."